A Tsaye ko a Zaune

Ranar kilinik ce, muna zaune a kan bencin nan da ya san mu muka san shi, sai nas ta leƙo ta yafito ni da hannu. Na zaci sakamakon jini ne ya fito ba daidai ba. Ashe gayyata ce. Ta ce likitoci na shirin gwada wani sabon maganin sikila, amma ba su gama tsara yadda aikin zai gudana ba, suna so masu ciwon da masu jinyarsu su zauna da su a tsara tare. Ta ce an zaɓe ni ne saboda ni malamar firamare ce, kuma bakina ba ya shiru. Na biyun dai ban musa ba.

A duk bayanin nata kalmar gwaji ce kaɗai ta shiga kunnena. Mu nan mun taso muna jin labaran gwajin magani, kuma ban tuna ko guda mai daɗi ba. Na ce mata zan yi shawara da maigida, wanda a bakin matan birni a'a ce cikin ladabi.

Mai ciwon 'yata ce, kuma 'yar fari. A gidajenmu na cikin birnin Zariya uwa tana kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna damuwa a kansa a gaban jama'a. Ana yaye yarinyar nan surukata, Hajiya, ta ɗauke ta zuwa ɗakinta, gida ɗaya muke amma kamar unguwa ta raba mu. Ta tashi tana ce mini Anti. Hajiya ce ta san ciwonta ciki da waje. Daga yadda yarinyar ta riƙe kofi za ta ce a ɗora ruwan zafi, yau akwai aiki. Da Hajiya ta rasu sai aka bar mini budurwa 'yar kwaleji, mai ciwon da ke tashi ba sallama. Na iya dafa ruwan gashi, na iya kai ta asibiti, na iya rigima da mai ba da kati har ya gaji ya ba ni. Amma in dube ta cikin ido in ce ina ne ke miki ciwo, wannan bakina bai taɓa iyawa ba.

A cikin keke napep muna komawa gida daga kilinik, yarinyar ta yi magana tana kallon ƙeyar direba.

“Idan sun fara, ni zan shiga.”

Ashe ta ji komai. Shekarunta kuma sun kai ta sa hannu da kanta, ba sai da yardata ba. Na kai ƙara wajen mahaifinta, ina sa ran zai tsawata. Ya ja carbinsa, sannan ya ce ita ke ɗauke da ciwon, mu kallo muke yi, Allah ya sa a dace. Haka maza suke, su jefa maka addu'a su fita kasuwa. Da na ga ba zan iya hana ta ba, sai na ce to bari in je zaman nan da kaina, in ga inda ramin yake kafin ta taka shi.

A wani ajin Islamiyya kusa da Ƙofar Kibo aka yi zaman, ranar Alhamis da yamma da yara ba su da karatu. Damina ce, lungu ya cika da taɓo. Motar likitar ba ta iya shigowa ba, sai ga ta a ƙafa, takalminta ya yi kaca-kaca, tana ba mu haƙuri kamar ita ta yi ruwan. Mace ce matashiya, 'yar garin nan, Hausarta da ɗan yayyafin Turanci. An gayyato limamin unguwa, shi ma yana da jika mai ciwon. Masu jinya muka zauna a gaba, masu ciwon suka koma gefe guda, yarinyar nan kuwa ta zaɓi can baya kusa da taga.

Gaskiya ban zaci za a saurare mu ba. Na zo da shirin faɗa, sai na tarar ana rubuta abin da muka ce. Muka ce ba a ɗibar jini da rana cikin azumi, aka rubuta. Muka ce mace ce za ta ɗebi jinin mata, aka rubuta. Wani dattijo ya ce a nuna masa kwalbar da za a riƙa cikawa, don ya ji ana cewa da galan ake ɗiba. Likita ta zaro wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, aka bi da ita hannu-hannu, kowa ya juya ta ya miƙa gaba. Likitar ta bayyana cewa kwamfuta ce za ta yi ƙuri'a, wasu su sami sabon maganin, wasu su sami ƙwaya mai kama da shi a kan maganin da suka saba sha, kuma ko ita ba za ta san wa ya sami me ba.

Sai ta zo kan abin da nake jira. Ta ce ba za ta ɓoye mana ba, maganin yana iya rage wa wasu jini. Shi ya sa za a riƙa auna jini duk wata. A tsakani kuma za a kira kowa a waya duk mako a tambayi jikinsa, wanda ya ce babu daɗi a turo mota.

Ƙanwata ce ta faɗo mini a rai, wadda ke bi na, ita ma sikila ce ta tafi da ita tana budurwa. Ranar da za ta rasu, da hantsi mata suka shigo dubiya. Kowacce ta durƙusa ta ce, “Ya jiki?” ita kuma, leɓenta fari fat, ta ce, “Da sauƙi, alhamdulillahi.” Kafin la'asar an fita da ita. Kuma ba ƙarya ta yi ba. A wajenmu mara lafiya ba ya cewa jiki ya yi tsanani. Rashin godiya ga Allah ne, kuma ɗora wa mai gaisuwa nauyi ne. Ko ana ƙoƙarin cire maka rai, da sauƙi za ka ce. To a kan wannan amsar ne za a rataya ran 'yata duk mako.

Na ɗaga hannu kamar ɗaliba, kafin in tuna wa ke zaune a baya. Idanu suka dawo kaina. Ba zan iya cewa 'yata ba, harshena ba zai ɗauka ba. Na ji gumi yana bin bayana cikin hijabi.

“Likita,” na ce, “akwai wata yarinya a gidanmu.”

Matan da ke kusa da ni suka sunkuyar da kai suna murmushi, don duk birni an san wace yarinya ce a gidanmu. Liman ya mai da kallonsa kan tabarma.

“Yarinyar nan, ko ƙashinta ne ke tsagewa, in kin kira ta kin ce ya jiki, da sauƙi za ta ce miki. Ba ita kaɗai ba, duk waɗannan da ke zaune. Za ki ajiye waya hankalinki kwance, mu kuma mu wayi gari da gawa.”

Na zauna da sauri. Likitar ta ajiye biro, ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

“Wallahi Malama, ni kaina da aka yi mini aiki, abokan aikina sun zo duba ni, ina jin kamar ana yanka ni, amma da sauƙi na ce musu. Muna da wata hanya dai, mukan ce mutum ya ba ciwon lamba daga ɗaya zuwa goma.”

Wani tela daga cikin masu ciwon, idonsa ɗorawa shar, ya girgiza kai. “Likita, in na ce goma, me na bar wa wanda ke gargara? Ni kullum uku nake cewa.”

Aka yi dariya, amma ni ban yi ba. Wata ta kawo shawarar a riƙa kiran masu jinya maimakon masu ciwon. Har na fara gyaɗa kai, sai na ji murya daga bakin taga.

“Mu ba yara ba ne. Kuma ba ma so a riƙa tayar wa iyayenmu hankali duk mako. Wanda muka tayar musu ya isa.”

Ban waiwaya ba, na san muryar. Sauran masu ciwon suka goya mata baya. Aka tashi ba a cim ma komai ba, likita ta ce ba za a fara ba sai an toshe wannan kafar. Na koma gida tsorona ya fi na zuwa, don dā zargi nake yi, yanzu kuwa na ga ramin da idona kuma babu mai murfinsa. Da magariba yarinyar ta kawo mini ruwa ta ajiye, ta juya, sai da ta kai bakin ƙofa ta ce wa labule, “Anti, kin tona ni a gaban mutane.” Ba ta jira amsa ba, ta fita.

A zama na gaba mun daɗe muna juya maganar ba mafita, har aka kira la'asar. Akwai wata mata cikin masu ciwon, kowa Gwaggo yake ce mata. Ta haura arba'in da ciwon, abin da ba kasafai ake gani ba, ƙugunta ya lalace tana dogara sanda. Mata muka koma gefe muka tayar da sallah, ita kuma ta ja benci ta zauna. Likita ta matsa mata da jakarta don ta sami wuri.

“Yau ta zaune ce, 'yar nan,” in ji Gwaggo. “Jiya kuwa a tsaye na yi, har da nafila.”

Bayan sallama na ga likitar ta zuba mata ido.

“Gwaggo, ya jiki yau?”

“Da sauƙi mana.”

“Jiya fa?”

“Da sauƙi.”

“To sallah fa, me ya sa kika faɗa mini gaskiya?”

Gwaggo ta zaro ido. “A'a! Wa ke ƙarya a kan sallah?”

Muka dubi juna. Da maza suka dawo daga masallaci aka sa maganar a gaban liman, don tela ya ce shi yana tsoron kada a mai da ibada ma'aunin asibiti. Liman bai yi gaggawa ba. Ya shafa gemu ya ce addini da kansa ya ba mara lafiya matakai: in ya iya ya tsaya, in ya kasa ya zauna, in ya kasa ya kwanta. Wanda ya faɗi matakin da yake kai ba ƙorafi ya yi wa Ubangiji ba, rangwamen da aka yi masa ya ambata. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada a tambayi mutum ko ya yi sallah, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, a tambaye shi yadda ya yi ta kawai. Mu mata muka ja likita gefe muka tuna mata akwai kwanakin da mace ba ta sallah, aka shirya mace ce za ta kira mace, a irin kwanakin nan ta tambaye ta ko ta iya tashi ta kai kanta banɗaki. Aka tanadi wasu tambayoyin ga waɗanda ba Musulmi ba da za su zo daga wajen ganuwa. Aka tsayar da doka: wanda ya tsaya wancan mako ya zauna wannan, ya zo a duba shi. Wanda ya ce a kwance, ba a jiran gobe.

Daga nan takardu suka tafi wajen masu ba da izini, suka daɗe. Ba zan ɓoye ba, a sujada nakan roƙi Allah ya sa a ƙi amincewa. Ba a ƙi ba. Yarinyar nan ta je ta sa hannu, ta dawo da robar ƙwayoyi farare, ta ajiye a kan tagar ɗakin Hajiya inda take kwana har yanzu.

Na tsani robar nan. Nakan tsaya in kalle ta daga tsakar gida, ban san ko magani ne a ciki ba, ko guba, ko garin banza. Na koyi dabaru irin na ɓarayi. In miƙa mata kwano don in ga tafin hannunta, in ce ta duba mini zare a allura don in leƙa farin idonta. In ta yi tari a ɗaki sai in bar abin da nake yi. In ta yi shiru kuma ya fi muni. Sallah a ɗaki take yi, ƙofa a rufe, tun zamanin Hajiya haka ta saba, ni kuma ba shiga ɗakin nake yi ba.

Ranar kira kuwa ba na rasa aikin yi a gindin tagarta. Tsintar wake, gyaran zogale, ko wankin da bai yi datti ba. Wayar za ta yi ƙara, in ji ta ce lafiya lau, da sauƙi, sannan ta ce, “A tsaye.” Sai in saki numfashi in tattara kayana. Makonni suka wuce a haka, har na fara jin kunyar tsorona, na fara cewa ƙila ma maganin ya karɓe ta.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, gari ya tashi da sanyi. Da safe ta fito ta durƙusa ta gaida mahaifinta, ta gaishe ni, na ce ya jiki ta ce da sauƙi, ta ɗauki buta ta koma. Ta ce ba ta da lacca. Na je makaranta na dawo ban ga wani abu ba, sai dai kunun da na bar mata ta sha rabi. Bayan la'asar na zauna a gindin tagar da farantin wake. Wayar ta yi ƙara.

“Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Da sauƙi, alhamdulillahi.”

Sai shiru. Na san an yi mata tambayar, na san amsar ba ta ɗaukar lokaci. Hannuna ya tsaya cikin waken. Ina jin kaji suna tono a bayan madafa, ina jin rediyon maƙwabta, amma daga tagar babu komai. 

“A zaune.”

Wani shirun.

“Ta asuba da ta azahar... a kwance.”

Farantin ya kife, ban san lokacin da na tashi ba. Na banka ƙofar ba sallama. Tana kwance a kan sallayar Hajiya da hijabinta, wayar a kunne, numfashinta sama-sama. Leɓenta fari fat. Na san wannan farin, na taɓa ganinsa sau ɗaya. Na fizge wayar, nas ɗin ta ce mota ta taso, amma ba za ta shiga lungunmu ba, mu fito da ita bakin titi ta wajen ƙofar gari, yanzu-yanzu.

Mahaifinta yana kasuwa, ƙannenta suna Islamiyya. Na ɗaga ta ta kasa tsayuwa. Sai na durƙusa na juya mata baya, na ja hannuwanta na ɗora a kafaɗata, na ɗaure ta da zanin gado. Tun da na haife ta ban taɓa fita ƙofar gida da ita a bayana ba, sai ranar nan, tana da shekara ashirin da ɗoriya. Ba ta da nauyi, wannan ma ya ƙara ba ni tsoro. Na bi lungu ina zamewa a taɓo, takalmi ɗaya ya tsaya a baya ban koma ba. Mata suna leƙowa daga zaure suna salati, wata maƙwabciya ta biyo mu tana tallafe mata ƙafafu. Ni dai numfashinta nake saurare a bayan wuyana, duk sanda ya yi jinkiri sai in ƙara sauri.

A asibiti suka ce jininta ya yi ƙasa sosai. Aka ɗaura mata ƙarin jini, aka tsayar da ƙwayoyin nan take. Sun kuma sami zazzaɓin cizon sauro a jikinta, saboda haka babu wanda ya iya rantse mini ko maganin ne, ko zazzaɓin, ko duka biyun. Likitar ta zo da kanta, ta ce za su kai rahoto a bincika. Ta fara cewa da an jira ranar awon wata, sai ta dubi fuskata ta bar maganar a nan.

Washegari da hantsi ina zaune a ƙarshen gadon, ledar jini ta biyu tana ɗiga a hankali. Yarinyar ta buɗe ido. Ba ni ta kalla ba, silin ta kalla.

“Anti.”

“Na'am.”

“Na so in ce wa nas ɗin a tsaye.”

Na mai da kallona kan ledar jinin.

“Na san kina bakin taga, ina jin ƙarar waken. Na ce in na faɗa za ki ji. Har na buɗe baki.” Ta lumshe ido. “Amma sallah ce.”

Tsoron da na ji a lungu bai kai wanda na ji a wannan lokacin ba. Don kada hankalina ya tashi ta kusa mutuwa, ina zaune a gindin tagarta. Na so in ce mata wani abu, na nemi kalmar na rasa. Zanin ya zame daga ƙafarta, sai na kai hannu in gyara, na ji tafin ƙafar da sanyi. Na riƙe shi da hannu biyu, ita kuma ba ta janye ba, har jinin ya ƙare.